Gwanin ɗan wasa yana zama gwanin koci? Gardama a kan Steve Spurrier

Sadiq_Gainesville:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Watana uku ke nan da zuwa Gainesville karatu, kuma kullum in zan tafi aji sai na bi ta gaban babban filin ƙwallon Jami'ar Florida. Akwai mutum-mutumi uku na tagulla a wajen, duka na 'yan wasan da suka ci kyautar Heisman ne: Steve Spurrier, Danny Wuerffel da Tim Tebow. Jiya muna cin abincin rana da wani Ba'amurke abokin karatuna, sai na maimaita masa maganar da na saba yi a majalisarmu ta gida, cewa gwanin ɗan wasa ba ya zama gwanin koci, don baiwar a jikinsa take, bai san yadda zai zuba ta a kan wani ba. Ya tuntsire da dariya, ya ce in koma in ƙare wa na farkon nan kallo. Wai ya ci Heisman a 1966 yana ɗalibi, bayan shekara 24 ya dawo a matsayin koci, ya ciyo wa makarantar kofin ƙasa na farko a tarihinta, har filin ma yanzu da sunansa ake kira. Ni dai ban janye ba, na ce mutum ɗaya ba ya rushe ƙa'ida. Iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe a ƙasar nan, ku raba mu.

Ɗan_Damagaram:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa ku taimaka mana mu da ke nesa. Wannan balon da suke runguma suna turmushe juna, ba shi ne rugbi ba? Kuma mene ne Heisman ɗin?

Malam_Lissafi:
Ba rugbi ba ne, amma daga tsatsonsa ya fito. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna ya ci 3. Kan tafiyar shi ne majefi, wato kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo ya duba fili ya zaɓi wanda zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu ko uku kafin ƙatti su rufe shi. Gurbin da Spurrier ya buga ke nan. Heisman kuwa kyauta ce da ake bai wa ɗan wasan jami'a da ya fi kowa a shekara, tun 1935.

Ɗan_Damagaram:
Na gode Malam. To wasan 'yan lakkwal ne har ake yi wa mutum gunki?

Baba_Jacksonville:
Ɗana na Damagaram, kada kalmar makaranta ta ruɗe ka. Filin da Sadiq yake bi ta gabansa yana ɗaukar mutum sama da dubu 88, kuma cika yake yi ranar Asabar. A kudancin Amurka akwai garuruwan da ba su san wata ƙungiyar ƙwararru ba, jami'ar ita ce tasu, kaka da jika.

Sadiq, ni na zo jihar nan a 1988, don haka a gabana aka yi. Kafin zuwan mutumin nan, Florida ƙungiya ce mai kuɗi da 'yan wasa da magoya baya, amma ba kofi. Tun da aka kafa gasar SEC, ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a farkon shekarun 1930 suna ciki, ba su taɓa riƙe kambunta a hukumance ba. Sun zo na ɗaya a 1984, aka ƙwace saboda karya dokokin ɗaukar 'yan wasa. Makwabta har tsokanarsu suke yi da "sai baɗi". Shi ma a shekararsa ta farko, 1990, su ne suka fi kowa nasara a gasar, amma hukuncin laifin waɗanda suka gabace shi ya hana a ba su. A 1991 ya ɗauka. Ya sake a 1993, 94, 95, 96, sannan 2000.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya ci, ba yawan cin ba. A lokacin, wasan SEC na ƙarfi ne zalla: a miƙa wa ƙato ƙwallo ya rungume ya kutsa, a ci yadi uku, a tashi a kakkaɓe ƙura a sake. Sai ga wannan ya baza masu cafewa huɗu, wani lokaci biyar, ana ta jifa sama kamar ba gobe. Tsofaffin kociyoyi suka ce wasan yara ne, ba zai yi aiki a nan ba. Cikin shekara kaɗan kowa ya koma neman masu tsaron baya masu gudu, don ba yadda za su yi. Shi ne kuma ya raɗa wa filin suna Fadama, ya ce wuri ne da kada kaɗai ke fita da rai, tunda alamar ƙungiyar kada ce. Wasa 73 ya jagoranta a can, 5 kawai aka ci shi.

Gwanin_Tamaula:
Ni duk wasan da za a yi daƙiƙa biyar ana gudu sannan a yi minti guda ana shawara, ban gane masa ba. Amma Sadiq, maganarka ko a tamaularmu ba ta tsaya ba. Marigayi Keshi ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗagawa yana koci a 2013. Zidane ya ci kofin zakarun Turai uku a jere. Me ya rage?

Sadiq_Gainesville:
Maradona ya rage, Yaya. Jamus ta zuba masa 4 da nema a 2010. Mourinho kuma tafinta ne, Sacchi takalma yake sayarwa.

Malam_Lissafi:
Ku dakata da tamaula tukuna, akwai abin da abokin Sadiq bai faɗa masa ba, kuma ina ganin nan ne gizo ke saƙa. Tsakanin Heisman da zama koci akwai shekara goma da ba a cika ambata ba. San Francisco 49ers, 'yan NFL, wato babbar gasar ƙwararru, sun ɗauke shi a matsayi na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1967. Shekara tara ya yi a can, mafi yawanta a benci, a bayan John Brodie. Aikin da ya fi yi a shekarun farko shi ne dokan ƙwallo da ƙafa zuwa nesa idan an kasa cin yadi goman nan. A 1972 ne Brodie ya ji rauni ya samu ya riƙe ƙungiyar na tsawon watanni, ya kuma yi ƙoƙari, amma da mai wuri ya warke sai mai tabarma ya naɗe. A 1976 aka tura shi Tampa Bay, sabuwar ƙungiya, suka buga wasa 14 aka cinye su duka 14. Jimillar wasansa na ƙwararru: jifa 40 da suka zama ci, 60 da abokan hamayya suka cafe.

Saboda haka tambayata ita ce, wane ne ya zama kocin? Tauraron 1966, ko mutumin da ya shekara tara a gefen fili yana kallon yadda masu tsaro ke jeruwa, yana lissafin inda ɓaraka take? Ni ina ganin na biyun ne. In haka ne, Sadiq bai faɗi ƙasa warwas ba.

Sadiq_Gainesville:
Allah ya ƙara ilimi Malam! Wannan zan kai wa abokina gobe da sassafe.

Baba_Jacksonville:
Malam, lissafinka daidai, fassararka ce ban yarda da ita ba. Mutum nawa ne suka zauna a benci shekara tara suka tashi ba su zama komai ba? Halin da ya sa ya yi fice a koci tun yana ɗalibi yake da shi. A 1966, wasansu da Auburn, ana 27 da 27, saura kamar minti biyu. Akwai mai bugun ƙafa na musamman a ƙungiyar, amma nisan yadi 40 ne, Spurrier ya ce a bar masa. Ya buga ta shiga, 30 da 27. Ana cewa bugun nan ne ya kammala masa Heisman. Kafin nan ma, a wasan Sugar Bowl na farkon shekarar, ɗaya daga manyan wasannin rufe kaka, Missouri ta ci su 20 da 18 amma shi aka zaɓa gwarzon wasan, daga ɓangaren da aka kayar. Wannan ƙarfin zuciyar na "ni zan iya" ba a benci ake samunsa ba. Da shi ya zo.

Direban_DC:
Salamu alaikum. Na ga ana ta zuba wa mutumin nan kirari, bari mu na Washington mu ce wani abu. A Janairun 2002 ya ajiye aikin Florida, mai ƙungiyarmu na lokacin, Daniel Snyder, ya ba shi kwantiragin shekara biyar a kan dala miliyan 25, a lokacin ba kocin da ya taɓa samun haka a NFL. Wasan share fage na farko a Osaka ta Japan aka yi, muka lallasa 49ers 38 da 7. Wallahi a satin nan duk fasinjan da na ɗauka maganar kofi yake yi. Ashe a wasan share fage ba wanda ke fito da makamansa.

Da aka shiga kakar gaske sai ido ya raina fata. Ya kwaso tsofaffin yaransa na Florida, su Wuerffel da Shane Matthews, yana ta canza su. Tsarinsa na tura kowa gaba ya bar majefi ba isassun masu kare shi, a jami'a yana sha da haka don yaransa sun fi na wasu gudu, a NFL kuwa kowa mai gudu ne. A 2003 yaron nan Patrick Ramsey ya sha bugu har tausayi yake ba mutane. Shekarar farko 7 da 9, wato ya ci wasa 7 aka ci shi 9, ta biyu 5 da 11, ya ajiye aiki ya bar dala miliyan 15 a kan tebur. To in gwani ne, me ya hana gwanintar ta biyo shi?

Abu_Zango_Kumasi:
Ƙarfin kada a ruwa yake, Alhaji. Kun fitar da shi daga fadama kun kai shi kan kwalta.

Malam_Lissafi:
Alhaji Direba, in da wannan za a auna, da yawa za su faɗi. Nick Saban, mai kofin ƙasa bakwai, ya je Miami Dolphins ya yi 15 da 17 cikin shekara biyu ya dawo jami'a. Urban Meyer, wanda ya ci wa Florida kofi biyu a 2006 da 2008, wasa 13 kawai ya yi a Jacksonville aka sallame shi. Sana'o'i biyu ne masu kama da juna. A jami'a koci ne ke yawo gida-gida yana zaɓo yaran da yake so, kuma shi ne wuƙa shi ne nama. A NFL akwai iyakar albashi, ƙungiyar da ta fi rauni ita ke fara zaɓe, sannan akwai mai ƙungiya a samanka.

Direban_DC:
Jimmy Johnson da Pete Carroll sun ci a duka biyun. Ba uzuri. Kuma kowa a garin nan ya san mutumin ya fi son filin golf da kwana a ofis.

Baba_Jacksonville:
Wannan kam bai taɓa ɓoyewa ba. Shi bai yarda koci sai ya kwana a ofis yana kallon faifan wasa har asuba ba. A Florida an kira abin basira, a Washington an kira shi lalaci. Hali ɗaya, sakamako ne ya bambanta.

Hajiya_Maman_Ummi:
Sannunku da hira. Ina wurin aiki tun safe, sai yanzu na karanto daga sama. Baba, ina wuni. Ni a Columbia nake, South Carolina, kuma ina ganin an tsallake inda ya fi nuna ko shi wane ne. A Florida ya tarar da jiha cike da yara masu gudu, ko wa aka ba zai ci wani abu. Mu nan fa? Kafin ya zo Jami'ar South Carolina a 2005, sau ɗaya tak makarantar ta taɓa cin wasa goma a kaka, a 1984. Shi ya ci 11 sau uku a jere, 2011, 2012, 2013. A 2010 Alabama ta zo nan tana ta ɗaya a ƙasa, ga Saban ga komai, aka ci ta 35 da 21. Ina aikin dare ranar, har marasa lafiya sai da muka riƙa lallashi su rage ihu. Clemson kuma, abokan gabarmu na cikin gida, sau biyar a jere ya doke su.

Abin lura kuma, a nan ba da jifan nan na Fadama ya ci ba. Da ya ga abin da yake da shi masu tsaro ne irin su Jadeveon Clowney da Stephon Gilmore, da mai kutsawa irin Marcus Lattimore, sai ya sauya salo. Tsoho mai shekara sittin da ɗoriya ya ajiye abin da aka san shi da shi. Wannan ba aikin tsohon tauraro mai taƙama da jiya ba ne.

Direban_DC:
Hajiya, ki ƙarasa labarin mana. Yaya ya tafi?

Hajiya_Maman_Ummi:
Zan ƙarasa, Alhaji, ba na ɓoye gaskiya. Oktoban 2015, an buga shida an ci su huɗu, ya tara yara ya ce ya ajiye, a tsakiyar kaka. Ya ɓata wa mutane da yawa rai a nan, ni ma har da ni. Yaran nan shi ya shiga falon iyayensu ya yi alkawari. In ɗalibi ne ya yi haka da an ce ba shi da tarbiyya. Kuma kambun SEC ɗin bai taɓa kawo mana ba, sau ɗaya ya kai wasan ƙarshe a 2010, Auburn ta Cam Newton ta yi mana 56 da 17. Amma duk da haka wasa 86 ya ci mana, ba wanda ya kai shi a tarihin makarantar.

Baba_Jacksonville:
Lafiya lau Hajiya, ya aiki. Ni a nawa ganin, mutum mai shekara 70 da ya gane abin ya wuce shi, gara ya sauka da ƙafarsa da a sauke shi. Mun ga manyan da suka ƙi tashi har sai da aka ɗaga su.

Hajiya_Maman_Ummi:
Da ya jira wata biyu kacal, Baba. Wata biyu.

Kurman_Zaure:
Kullum karatu nake ba na magana, amma yau dole. Ba wanda ya taɓo abin da ya sa rabin kudancin Amurka suka tsane shi: cin fuska. 1995 a Athens, gidan Georgia, wasa ya riga ya ƙare, 'yan benci ne a fili, amma da ya ji ba baƙon da ya taɓa zuba musu 50 a can sai ya sa aka sake jifa, aka tashi 52 da 17. Lokacin da yake kocin Jami'ar Duke ma, 1989, da suka ci North Carolina 41 da nema a gidanta, tara yaransa ya yi suka ɗauki hoto a ƙarƙashin allon maki. Ga baki. Da aka kama 'yan wasan Florida State da karɓar kayan kanti kyauta, cewa ya yi harufan FSU na nufin jami'ar takalman banza. Ɗan limamin coci ne fa. Ni ban ga tarbiyya a nan ba.

Malam_Lissafi:
Duk abin da ka faɗa ya faru. Amma ka bi sawun waɗanda ya fi yi wa haka, za ka ga tsohon ciwo ne. Georgia: a 1966, sati ɗaya bayan bugun Auburn da Baba ya ba da labari, su ne suka ci Florida 27 da 10, suka cafe masa jifa uku, suka hana shi kambun SEC yana ɗan wasa. Da ya zama kocin Florida ya kara da su sau 12 ya ci 11. Sannan Bill Curry. Spurrier ya fara koyarwa a Florida a 1978 a matsayin mataimaki, aka kori maigidansa, sabon bai riƙe shi ba. Ya koma Georgia Tech a 1979, aka sake korar maigida, Curry ya zo shi ma bai riƙe shi ba. Sai Duke ce ta tsince shi a 1980. Shekaru suka juya, Curry ya zama kocin Kentucky. 1994: 73 da 7. 1996: 65 da nema.

Wannan ma yana ƙarfafa maganata ta ɗazu. Kora biyu a cikin shekara biyu, bayan 14 da babu a Tampa. Wuya ce ta gasa shi, ba Heisman ba.

Kurman_Zaure:
Ramuwa a kan Curry na ji, amma yaran Kentucky masu shekara 19 me suka yi masa?

Gwanin_Tamaula:
In ba ka so a ci ka da yawa ka tsare gidanka. Jamus ta tsaya a uku don tausayin Brazil?

Mai_Unguwa:
'Yan uwa a yi hattara, na goge saƙo biyu. Gardama ba zagi. Kuma masu son Messi da Ronaldo ga zaurensu can daban.

Baba_Jacksonville:
Shi ma an ɗanɗana masa ai. Ƙarshen kakar 1995 ya je wasan kofin ƙasa ba a ci shi ko sau ɗaya ba, Nebraska ta yi masa 62 da 24, kuma da wannan wasan ƙarfin da yake rainawa. Yadi 524 suka ci da gudu kawai. Akwai gudun da Tommie Frazier ya yi na yadi 75, 'yan Florida na rataye a jikinsa yana zubar da su kamar ɓawon gyaɗa. Na kashe talabijin kafin a tashi. Me ya yi bayan nan? Ya ɗauko Bob Stoops daga Kansas State ya miƙa masa tsaro gaba ɗaya. A 1996 Florida State ta ci su 24 da 21 a ƙarshen kaka, sun yi ta kai Wuerffel ƙasa. Allah ya sa aka sake haɗa su a Sugar Bowl. Kafin ranar ya ja da majefinsa baya 'yan taku daga layi don ya samu sararin duba fili, abin da da can ba ya so. Aka tashi 52 da 20, kofin ƙasa ya zo. Wuerffel ya ci Heisman a shekarar, Spurrier ya zama na farko da ya ci kyautar ya kuma horar da wanda ya ci ta.

Sadiq, wanda ya taɓa tsayawa a gurbin nan shi ya san abin da majefi ke gani lokacin da ƙatti ke tahowa. Wannan ba a karanta shi a takarda.

Tsohon_Kocin_Unguwa:
Ni ban san wasan Amurka ba, yaran unguwa nake horarwa tamaula shekara 16. Amma Baba, abin da ka faɗa yana da baya. Na taɓa ɗauko wani tsohon ɗan wasa da ya buga babbar gasa ya taimaka mini, ba zan faɗi suna ba. Sati uku ya yi yara suka fara guduwa. Yaro ya kasa tare ƙwallo sai ya ce "wannan ma abu ne?", ya karɓa ya yi da kansa, ya ce to yi. Bai san matakan da ke tsakani ba don shi bai taɓa bin su ba. Shin shi wannan naku bai da irin wannan?

Baba_Jacksonville:
Yana da ita, Malam Koci, ba zan kare shi ba. Majefansa sun sha wuya a hannunsa. Kuskure ɗaya sai ka ga ya cire hana-sallarsa, irin marar rufin kan nan, ya maka ta da ƙasa, ya ciro yaro ya sa wani. A 1997 da Florida State, majefa biyu ya riƙa musanyawa kusan kowane bugu, Doug Johnson da Noah Brindise, wannan ya shiga da umarni wancan ya fito. Mutane suka ce ya haukace. Ya ci 32 da 29.

Sadiq_Gainesville:
To ai kun ga, ko shi ba ya haƙuri da wanda bai kai shi ba. Na duba wasu kuma: Scott Frost ya ci wa Nebraska kofin ƙasa yana majefi a 1997, ya dawo koci a 2018 ana murna, aka kore shi da 16 da 31. Marigayi Mike Leach kuwa ko wasan jami'a bai buga ba, lauya ya karanta, amma salon jifansa ya cika ƙasar.

Malam_Lissafi:
Za a ce maka Jim Harbaugh, majefin Michigan da ya dawo ya ci musu kofi a 2023. Da Kirby Smart, wanda yana cikin 'yan Georgia da Spurrier ya riƙa lallasawa, ya ci 2021 da 2022. Kowa zai iya tsinto sunayen da suka yi masa daɗi.

Abu_Zango_Kumasi:
Deion Sanders fa? Shi ne yaranmu a nan suka sani, tun da NFL ta zo Accra da sansanin neman 'yan wasa a 2022 wasu suka fara bin abin. Ya yi 27 da 6 a Jackson State, yaronsa Travis Hunter ya ci Heisman a Colorado.

Direban_DC:
Deion sunansa ke jawo masa yara. Wannan wata baiwar ce daban, ba koyarwa ba.

Hajiya_Maman_Ummi:
A wasan jami'a jawo yaran ai shi ne rabin aikin, Alhaji. Tunda an zo nan, akwai abu biyu da nake ganin girman Spurrier a kansu fiye da maki. A 2007 ya fito fili ya ce a sauke tutar 'yan awaren kudu daga harabar majalisar jiharmu, lokacin da masu irin matsayinsa ke tsoron buɗe baki. Ba a sauke ta ba sai 2015. Sannan a 2011 ya kawo shawarar kociyoyi su riƙa ba kowane ɗan wasa dala 300 a kowane wasa daga aljihunsu. Aka yi masa dariya. Ɗana ya buga wasan nan a sakandare, ya bugu a ka sau biyu na ce ya isa, don haka na san abin da yaran ke sakawa a ciki. Koci na karɓar miliyoyi, yaro na karɓar abinci da kuɗin makaranta.

Malam_Lissafi:
Yanzu kam an wuce nan. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, daga 2025 kuma makarantu na iya biyansu kai tsaye, har zuwa kusan dala miliyan 20 da rabi ga kowace makaranta a shekarar farko.

Ɗan_Damagaram:
Miliyan 20 na dala ga 'yan lakkwal? Ku turo mini adireshi, ina da ƙane ƙato yana kokawa a Zinder.

Baba_Jacksonville:
Ka turo shi, amma ya fara iya karatun, sai da maki ake bari ka buga.

Malam Lissafi, har yanzu ban ba ka gaskiya a kan benci ba. Ko yana da shekara 73 da aka ba shi ƙungiyar Orlando a wata sabuwar gasa a 2019, ya ci 7 cikin 8 kafin gasar ta rushe don rashin kuɗi.

Malam_Lissafi:
Wannan ai bai raba mu ba, Baba, tsohon ɗan benci ne ya ci bakwai ɗin.

Sadiq_Gainesville:
Na koma wajen abokina da maganar benci da 14 da babu. Ya ce in haka ne me ya sa aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan jami'a sau biyu, 1986 a matsayin ɗan wasa, 2017 a matsayin koci? Na ce masa wannan zaure bai ƙirga Washington ba. Mun rabu a kan zai samo mini tikitin wasan Asabar in gani da idona. Baba, wace riga ake sawa? Kada in shiga da ja a ɗauka ɗan Georgia ne.

Baba_Jacksonville:
Shuɗi ko ruwan lemo. Ka tafi da wuri, ka sha ruwa sosai, zafin wurin ba wasa ba ne. Kuma ka yi la'asar kafin ka shiga, in ka zauna a tsakiyar layi fita sai an tashi.

Kurman_Zaure:
Har yanzu ba wanda ya ba ni amsar yaran Kentucky.